Yaron da idonsa baya zama kan allo, a duba shi kafin a ɗauko bulala

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, kuma kayi min haƙuri maganar tawa tanada ɗan tsawo, abu ne da ya daɗe yana cina a rai. Ni malamar firamare ce a nan Zariya, shekarata 16 ina koyarwa, mafi yawanci 'yan aji uku nake riƙewa, kuma ni uwa ce ta yara biyar. Akan ƙaraminsu zanyi magana, bazan faɗi sunansa ba, Auta dai muke ce masa a gida.

Tun da Auta ya fara tafiya bamu ƙara hutawa ba, in ka ajiye shi nan kafin ka juya yana kan katanga, abinci ma a tsaye yake ci. Muka ce ƙiriniya ce irin ta 'yan auta zai daina. Da ya shiga makaranta sai ƙorafi ya fara zuwa ta ko ina, boko da Islamiyya da makarantar allo ta asuba, kuma abin mamaki duk malaman kalma ɗaya suke faɗa kamar sun haɗa baki, wai Maman Auta yaron nan naki idonsa baya zama. Ana karatu kaza ta gifta bakin ƙofa ya bita da kallo, mai tallan awara ta wuce ya bita, Keke Napep yayi hon a titi ya waiga, in aka ce ya karanta sai ya tsallake layi ko ya maimaita layin da ya gama yanzu, in ana kwafar rubutu daga baƙin allo kowa ya gama shi yana layi na biyu kuma rabin kalmomin sun faɗi a hanya. Yasha bulala har na daina ƙirgawa. Kakarsa tace baki ne akayi masa, aka karɓo rubutu aka yi tofi, babansa yace raini ne kawai da rashin ji. Ni kuma da nake malama, wallahi nima na dake shi, kuma har yau in na tuna sai naji zuciyata tayi nauyi.

Ranar da abin ya canza min yana shekara 8. Ba wuta, muna tsakar gida da fitilar sola, kullum a gefensa nake zama ina kallon littafin ina jiran yayi kuskure, ranar dai Allah yasa na zauna gabansa ina fuskantarsa, sai ya zamana idonsa nake kallo maimakon takardar. Malam Edita abinda na gani ban taɓa lura dashi ba duk shekarun da nayi ina koyarwa. Ƙwayar idonsa tana tafiya kan layi, taku biyu uku, sai wani ƙwaro ya zagayo fitilar, fit idon ya tafi, ba kansa ya juya ba, idon kaɗai, ya dawo cikin ƙiftawa amma ya sauka a wani layin daban, yaci gaba da karantawa daga can bai ma san ya ɓata ba. Na daka masa tsawa nace ka duba littafinka mana, sai ya fashe da kuka yace Umma wallahi ina so in duba, shi yake tafiya da kansa. Wannan maganar ita ta hanani barci ranar.

Asibitin ido muka fara zuwa dan a tunanina ciwon ido ne. Aka gwada shi ya karanta haruffan har na can ƙasa, aka ɗiga masa magani aka leƙa ciki, likitan yace idonsa garau yake baya buƙatar gilashi, amma ya ɗan lura da yadda yaron ya kasa zama a kujerar sai yace mu ga likitan ƙwaƙwalwa na yara. Sai da nayi wata biyu ban faɗawa kowa ba, kasan mutanenmu, da anji ka kai yaro wannan ɓangaren shikenan an saka masa sunan mahaukaci har aurensa. Daga baya dai na daure muka je. Likitar ta daɗe tana mana tambayoyi, ta bani fom na cike ta bada wani na kaiwa malaminsa, muka koma har sau uku kafin tace abinda ke damunsa shine wanda likitoci ke kira ADHD, wato lalurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani. Tace sharaɗinsa sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai aƙalla wata 6, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da rayuwar yaron da gaske. Ba kowace ƙiriniya bace.

Daga nan na shiga neman sani, ƙanina da ya karanci ɓangaren lafiya yana taimaka min da abinda ya fi ƙarfina, kuma abinda na fahimta ne nake so iyaye da malamai 'yan uwana suji.

Ashe ido baya zamewa sumul akan layi kamar yadda muke ji a ranmu. Tsalle yake yi. Wani likitan ido na Faransa mai suna Emile Javal ne ya bayyana haka wajen 1879, kuma kowa zai iya gani da kansa, ka bawa wani jarida ya riƙe daidai fuskarsa kai kuma ka leƙa idonsa ta saman takardar, zaka ga yana tsalle ya tsaya, tsalle ya tsaya, in ya kai ƙarshen layi yayi dogon tsalle ya koma farkon na gaba. Dalilin kuwa shine gurin da ke gani tar a cikin ido ɗan ƙarami ne ƙwarai, in ka miƙe hannunka ka kalli farcen babban yatsanka to kusan iya faɗin abinda kake gani sosai kenan a lokaci ɗaya, sauran duk dishi-dishi ne ƙwaƙwalwa ke cikewa. Shi yasa ido ke tsalle kamar sau uku a kowane sakan muddin mutum na farke, tsokoki shida ne ke juya kowane ido, kuma a wajen karatu kowace tsayawa bata fi kashi ɗaya cikin huɗu na sakan ba, a wannan 'yar tsayawar ake ɗaukar kalmar. Toh ka lissafa shafi guda tsalle nawa ne, ɗaruruwa, kuma kowanne sai ya sauka inda ya dace.

Yaranmu ma aikinsu ninki biyu ne, da safe boko daga hagu zuwa dama, da yamma Larabci daga dama zuwa hagu. Masu bincike sun gano mai karanta Turanci idonsa na hango haruffa kusan 14 ko 15 ta gabansa wato dama, ta baya kuma 3 ko 4 kawai, mai karanta rubutun da ke tafiya ta ɗaya ɓangaren kamar Larabci kuma sai abin ya juya. Ga kuma ɗigo da wasali, ba da ta da sa jikinsu ɗaya ɗigo ne kawai ya raba su, a rubutun allo irin namu fa ɗigonta a ƙasa ƙaf ɗigo ɗaya a sama, yaron da idonsa ya ɗan kauce kaɗan ya riga ya karanta wani harafin daban, malam kuma yana tsaye da dorina.

Abinda yafi taɓani shine da na gane ido iyayen gida biyu gareshi. Akwai wani sashe can ciki a tsakiyar ƙwaƙwalwa wanda aikinsa da zarar wani abu ya motsa ko ya haska a gefe sai ya fizgi idon zuwa can ba tare da neman izininka ba, kuma wannan rahamar Allah ce, shi yake sa kaga maciji a ciyawa ko ɗan acaɓa ya taho ta gefenka. Sai kuma sashen gaba, wanda ke bayan goshi, shi ne mai cewa a'a tsaya, bamu gama da wannan layin ba, kamar birki. Wannan birkin shine yake ƙarshen nuna a jikin ɗan Adam, har mutum ya haura shekara ashirin yana ƙara ƙwari. A 2007 wasu masu bincike a Amurka ƙarƙashin Philip Shaw sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 223 masu ADHD da wasu 223 marasa ita, suka ga ɓawon ƙwaƙwalwa yana kai cikar kaurinsa wajen shekara 7 da rabi a sauran yara, amma a masu lalurar sai wajen 10 da rabi, jinkirin kusan shekara uku, kuma jinkirin yafi yawa a wannan sashen na gaba. Kaga kenan yaro ɗan shekara 9 muna neman ya riƙe idonsa kamar sa'o'insa alhali birkinsa na ɗan shekara 6 ne.

Akwai wani gwaji da nake ganin duk malami ya kamata ya sanshi dan ya fahimci abin. Wani masani a Kanada, Peter Hallett, ya ƙirƙiro shi a 1978. Za a zaunar da mutum gaban sikirin yana kallon ɗigo a tsakiya, a ce masa in haske ya bayyana a dama kar ka kalle shi, ka kalli hagu, in ya bayyana a hagu ka kalli dama, kyamara kuma tana bin ƙwayar idonsa. Da ji kamar wasa, amma sai ka danne fizgar nan ta farko sannan ka tura idon inda kai kake so. A 2003 Douglas Munoz da abokan aikinsa a jami'ar Queen's ta Kanada sun gwada mutum 114 masu ADHD da 180 marasa ita, daga ɗan shekara 6 har mai 59. Masu lalurar sun fi yawan kallon hasken da aka hana su kalla, da yawa sai idon ya tafi sannan su gyara da sauri, alamar sun san dokar sarai, riƙewar ce ta gagara. Kuma ko da aka ce su ƙurawa ɗigo ɗaya ido kawai na ɗan lokaci, idonsu yafi na sauran yawan sulalewa ya dawo. Daga baya a 2014 wasu a jami'ar Tel Aviv suka auna manya masu lalurar, suka ga lokacin da mutum ke jiran wani abu ya bayyana a sikirin, lafiyayye yana rage ƙifta ido da ƙananan motsin ido ba tare da ya sani ba dan kar abin ya wuce shi, su kuma basa iya ragewa sosai, amma in sun sha maganinsu sai abin ya matso kusa da na kowa. Da na karanta wannan sai maganar Auta ta dawo min, shi yake tafiya da kansa, yaro ɗan shekara 8 ya faɗi gaskiya mu manya muka ƙaryata shi.

Na gwada wasan a gida da yatsuna biyu, in na motsa na dama su kalli na hagu, yayarsa da ta girme shi da shekara ɗaya ta riƙa ci tana faɗuwa jefi-jefi, shi kuwa kusan kullum sai idonsa ya fara zuwa wajen yatsan da ya motsa sannan ya dawo yana jin haushin kansa. Amma dan Allah kar wani ya ɗauki wannan a matsayin gwajin gano cuta, ƙananan yara dukkansu suna faɗuwa da yawa a cikinsa, kuma sakamakon binciken nan na rukuni ne, akwai mai ADHD da zai ci akwai lafiyayyen da zai faɗi. Har yanzu da tarihin yaro da bayanin iyaye da malamai likita ke gane lalurar, motsin ido taga ce kawai da ke nuna mana abinda ke faruwa a ciki.

Babansa ya daɗe bai yarda ba, hujjarsa itace yaron da zai zauna awa biyu yana kallon ƙwallo ko yana buga gem a waya ko ƙiftawa baya yi, ya za a ce min baya iya natsuwa. Nasan iyaye da yawa haka zasu ce. Bin abu mai tafiya da ido, kamar ƙwallo a fili ko shaho a sama, wani tsari ne daban da tsallen karatu, kuma a kan wannan ɓangaren sakamakon masu bincike ya rarrabu, wasu sun ga 'yar tangarɗa wasu basu ga komai ba. Auta dai in ana ƙwallo idonsa baya kuskure. Abin lura shine a waya da talabijin hoton ne ke jan idon, komai na motsi yana walƙiya yana canzawa duk sakan, wato maigidan nan na farko mai fizga shi ke aikin, ba a buƙatar birki. Takarda kuwa bata motsi, baƙi ne akan fari a kwance, kai ne zaka tura idonka da kanka taku bayan taku kana kuma hana shi bin kaza da ƙwaro. Sannan wani abin da binciken Munoz ya nuna shine rashin daidaito, saurin amsawar idonsu yana hawa yana sauka fiye da na sauran. Mu malamai wannan ne yake sa mu zalunci yaro, yau ya karanta shafi guda lafiya lau gobe ya kasa layi uku, sai muce ai jiya ka iya, da gangan kake yi, alhali hawa da saukar nan ita kanta tana cikin lalurar.

Toh amma ba duk yaron da idonsa ke yawo ke da ADHD ba, kuma nan ne nake so a kula sosai. Wani gilashi kawai yake buƙata, baya ganin allon ne shi yasa ya koma kallon taga. Wani hararar garke gareshi. Yaran zabiya da yawa idonsu na kaɗawa da kansa kuma ganinsu nada rauni, wannan a gaban aji ya kamata su zauna. Akwai wata irin farfaɗiya da bata kayar da yaro, sai dai kawai ya ƙame ya zuba ido na 'yan sakanni kamar an ɗauke wuta, ka kira shi baya ji, sannan ya dawo yaci gaba kamar ba abinda ya faru, tana iya zuwa sau da yawa a rana kuma tana da magani. Ga wanda kunnensa ne baya ji sosai, ga wanda ya fito ba karin kumallo, ga wanda ya kai sha biyun dare yana talla, ga mai ƙarancin jini.

Akwai kuma wata matsala da gwajin karanta haruffa daga nesa baya kama ta. In zaka kalli abu kusa dole idanu biyu su karkato ciki su haɗu akansa, wasu yaran idanunsu basa iya riƙe wannan haɗuwar, sai rubutu ya riƙa rabuwa biyu ko yana rawa, kai yayi ciwo, yaro ya rufe ido ɗaya da hannu ko ya kwantar da kai akan benci, minti goma ya ture littafin. Daga waje sak mai rashin natsuwa. Wani likitan ido na yara a San Diego ta Amurka, David Granet, ya ruwaito a 2005 cewa a cikin marasa lafiyarsa masu wannan matsalar an samu masu ADHD kusan ninki uku na yadda ake samu a sauran jama'a. Dan haka in kun kai yaro asibitin ido kuce a duba masa gani na kusa da haɗuwar idanu, kar a tsaya kan allon bango kaɗai.

Sai maganar dalma, wadda mu 'yan Arewa bai kamata mu manta ba bayan abinda ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalma ko kaɗan ce a jinin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa da natsuwa. Kuma ba sai a wajen haƙar ma'adinai ba, a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bada rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka bincika sai aka ga daga kwallin da ake saka masa ne, aka auna kwallin aka samu sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Mu da muke rambaɗawa jarirai tozali tun ranar suna muna cewa yana ƙara hasken ido, yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Ni dai jikokina na hana a saka musu irin na dutsen nan.

Wani gargaɗin kuma, tunda na fara neman bayani a waya sai tallace-tallace suka riƙa biyoni a Facebook, wai atisayen ido da manhajoji da gilasai masu kala da zasu warkar da rashin natsuwa da matsalar karatu. A riƙe kuɗi. Atisayen ido yana da gurinsa, a wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2008 akan yara 221 masu matsalar haɗuwar idanun nan, wajen kashi 73 cikin ɗari na waɗanda akayi wa atisaye a asibiti na sati 12 sun samu sauƙi, waɗanda aka bari suna yi da fensir a gida kashi 43 ne. Amma da aka sake wani gwajin aka fitar a 2019 dan a ga ko atisayen na ƙara iya karatu, sai aka ga bai fi atisayen bogi da aka yiwa ɗaya rukunin ba. Yana gyara haɗuwar ido ga mai wannan matsalar, iyakarsa kenan. Mai ADHD tsokar idonsa lafiyarta ƙalau, abin daga sama yake.

Maganar magani kuwa ta likita ce. Akwai wanda aka fi sani da Ritalin, yana ƙara ƙarfin dofamin da wani ɗan uwansa, wato sinadaran da ke kai saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, sai birkin ya ƙara kamawa, yana taimakon yara da yawa, amma yana iya rage cin abinci ya hana barci, sai ana auna nauyin yaro da hawan jininsa, ga tsada ga wahalar samu a nan. Ba abinda za a je kemis a siyo bane dan maƙociya tace ya yiwa ɗanta aiki.

Abinda ke hannunmu mu malamai baya cin ko sisi. Ajina yara 80 da ɗoriya ne, kuma in aka bi ƙiyasin duniya na kusan yara 5 cikin 100, to ina da kamar huɗu a gabana duk shekara, shekara 16 ina kallonsu ina kiransu marasa ji. Yanzu irin waɗannan gaba nake dawo dasu, tsakiya, nesa da taga da bakin ƙofa. Na yanka kwalaye na raba musu suna ɗorawa ƙarƙashin layin da suke karantawa suna ja ƙasa, ko idon ya tafi in ya dawo ya san gida. Na daina hana bin rubutu da yatsa, da har bugun hannu muke yi wai sai yaro ya karanta da ido kaɗai, alhali malamanmu na allo tun kaka da kakanni da tsinke ko yatsa suke biya wa yaro harafi harafi, kuma basa rubuta masa sai 'yan ayoyin da zai iya ɗauka, in ya haddace ya wanke a ƙara, wallahi akwai hikima a wannan tsarin. A allo ina rubutu manya ina barin fili tsakanin layuka, aiki kuma ina gutsura shi, yi biyar ka kawo in gani sannan ka ƙara biyar. In naga jikin yaro ya fara tsuma sai in aike shi ya goge allo ko ya karɓo alli a ofis, ya dawo ya zauna. Kafin in bada umarni ina zuwa kusa in kira sunansa, kuma na daina cewa kalle ni in ina maka magana, dan yaron da aka tarbiyyantar a gida ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi yake yi, wannan daban da idon da ke yawo.

'Yan mata kuma su ake mantawa dasu gaba ɗaya. Da yawansu basa hawa benci basa faɗa, tana zaune shiru idonta na kan bishiyar waje, an kira sunanta sau biyu kafin ta farga, littafinta rabi-rabi, sai a ce sakarya ce ko daƙiƙiya, daga ƙarshe a ce boko bai karɓe ta ba a cire ta. Masu cewa waya da alawa ne suka kawo wannan abu su sani tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya gabatar da laccoci akan irin waɗannan yaran, kuma binciken tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma, sama da kashi 70 cikin ɗari. Da na faɗawa surukata haka sai tayi shiru can tace ai babansa ma haka yayi, sau biyu yana gudowa daga makarantar allo.

Roƙona gareku Malam Edita, ku tura wakilinku ya zauna da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, ga na Maiduguri, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, suyi mana bayani da Hausar da kaka a ƙauye zata gane, a kuma samo wa lalurar nan suna na Hausa da ba zagi a cikinsa, dan yanzu sunayen da muke dasu duk na zagi ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya duka basu wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, na yara kuwa sai an tona, kenan malamin aji shine zai fara gani, toh a saka wannan a darasin kwalejojin horar da malamai, a haɗa da malaman Islamiyya da alarammomi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanyawa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, muna so muga amfaninta ya iso aji. Gwamnatocin jihohi kuma su sa a riƙa gwada ido da kunnen duk yaron da zai shiga aji ɗaya.

Auta yanzu shekararsa 11, yana aji biyar, har yau da kwalinsa yake karatu kuma har yau akwai ranakun da sai mun tashi mun zagaya tsakar gida sau biyu kafin a gama shafi ɗaya, amma ya shiga izu na shida kuma malaminsa na allo da kansa ya canza masa wurin zama ya juya masa baya ga titi. A ajina na bana akwai yara biyu, namiji da mace, da nake ganin ya kamata a kaisu a duba, na kira iyayen na faɗa musu, uban yaron yace min Malama ki ƙara masa bulala kawai na baki wuƙa da nama, uwar yarinyar kuma tace su a danginsu ba mahaukaci. In Allah yasa kuka buga wasiƙar nan, zan sayi kwafi biyu in kai musu har gida in karanta musu da bakina.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku,
Wata malamar firamare, daga Zariya